Yadda muka sa ɗan ƙwaro ya yi mana maganin murzuna

A ƙauyenmu da ke jihar Maradi, gero na fara bununi hankalin manomi ke tashi, saboda murzuna. Za ka ga zangarniya ta yi kyau, bayan kwana kaɗan ka tarar tsutsa ta bi ta tana zagayawa kamar an nannaɗe ta da zare, tsaba ta zube. Feshi ba ya kai mata sosai tunda tana ɓoye cikin zangarniyar, ga kuɗin maganin ya fi ƙarfin yawancinmu.

Malaman gona suka zo da wata dabara da masu bincike na INRAN (cibiyar binciken aikin gona ta Nijar) da ICRISAT (cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona a yankuna masu ƙarancin ruwa) suka daɗe suna gwadawa: wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, mai suna Habrobracon hebetor. Macen ce ke harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. An ba mu ƙananan buhunan algarara 15. A kowanne akwai ɗan gero, da tsutsotsi 25 na irin ƙwaron da ke cin hatsi a ajiya, da mata biyu na ɗan zanzaron. Aka ce a rataya buhu uku a tsakiyar gari, uku uku kuma gabas da yamma, kudu da arewa, don 'yan zanzaron su hayayyafa a ciki su bazu gonaki.

Shekarar farko ni na ɓata nawa. Na rataya buhu a reshen da tururuwa ke hawa, kafin mako ya zagayo sun kwashe komai. Na ji ciwon abin ƙwarai, don ni aka damƙa wa ɓangaren gabas. Wani maƙwabcina kuma ya kasa haƙuri ya yi feshi, ya kashe har da ƙwarin da muka saki.

Damina ta biyu muka rataya su a inuwar rumbuna da wuri, gero na fara fitar da kai. Ranar da na tsaga wata zangarniya na ga tsutsa ta yi baƙi ta bushe, ga 'yan fararen kwanso a gefenta, sai na kira Baba. Ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce, "Kai yaro, ashe da gaske ne."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dole kusan kowace shekara a sake sakin ƙwarin, domin rani na rage su sosai, alhali murzuna na kwance cikin ƙasa tana jiran ruwa. A zamanin kakanninmu ana barin gona ta huta shekaru, yanzu ko taki ɗaya ba a bari, gero kan gero kullum. Shi ya sa na daina ƙone kututture lokacin sharar gona. Ina bin sassaben zamani, ina barin gawo da kalgo da sabara su tofo, tsuntsaye da ƙananan ƙwari su samu mafaka. Bana ma tun watan Yuli na fara zagaya gidaje muna haɗa kuɗin buhuna.