Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan lalurar maigidana

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da na nesa. Alhamdulillahi, yau kwana 40 Baban yara yana barci da na'urar da ke taimaka masa numfashi. Da izininsa nake wannan rubutu.

Shekaru da dama ina ɗaukar minsharinsa a kan hali ne kawai. Har na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin yara, shi yana ganin gudunsa nake yi, ni ina kwana da haushi. Sai da zafin watan Afrilu ya koro mu tsakar gida na ga abin da idona. Yana cikin minshari sai ya yi tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Ina ƙirgawa a zuci har 20, sannan ya zabura yana shaƙewa kamar wanda aka tsamo daga kogin Binuwai. Gari ya waye ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, a haka zai kama sitiyari zuwa Ngaundare da fasinja cike da mota.

Godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce naman maƙogwaro ne ke saki cikin barci ya toshe hanyar iska, kuma hawan jinin da yake fama da shi yana iya zama daga nan. Ta sa na ɗauki sautin a waya na kai wa likita.

Sai Hajiya surukata. Da ya turje ya ce minshari ba ciwo ba ne, magana ɗaya ta yi: "Ɗan nan, rayukan mutane kake ɗauka, ka tashi ka je." Allah ya ƙara miki lafiya, Hajiya.

Yaya da matarsa a unguwar Briqueterie ta Yawunde, kun tarbe mu bayan mun kwana a jirgin ƙasa, kun bar mana ɗakinku mako guda. A can aka kwantar da shi dare ɗaya da wayoyi a kai da ƙirji da yatsa. Likita ya ce numfashin yana tsayawa fiye da sau 30 a awa, wato mai tsanani, ya rubuta masa CPAP, na'urar da ke hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe.

Kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Direbobin tasharsu suka yi karo-karo, matan adashenmu suka bar mini kwasar da ba tawa ba, ƙanena ya haɗa mana batir da sola saboda ɗaukewar wuta. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya raba ku da ciwo.

Na mayar da shimfiɗata ɗakinmu. Har yanzu nakan farka tsakar dare in ɗora hannu a ƙirjinsa, in ji yana hawa yana sauka, sannan in koma barci.