Abin da jona na'urar zuƙe hayaƙi ya koya mini game da fiyus

Sabbin gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja yanzu ana sa musu na'urar zuƙe hayaƙi a saman murhun gas. Sai kafinta ya gama kabet, mai tayil ya gama nasa, sannan a tuna da mai wuta, a ce ya zo ya jona. Kallon ƙaramin aiki ake yi masa, tunda wayoyi uku ne kawai: ruwan ƙasa ta layif, shuɗiya ta nutural, sai mai kore da rawaya ta at, wadda ke kai wuta cikin ƙasa idan an samu lahani. A tsofaffin gidaje ja da baƙa za ka tarar a bango. Jonawar ba ta da wuya. Wurin zaɓen fiyus ne na ga ana yawan sakaci.

Duk na'ura tana da takarda manne a jikinta mai nuna yawan wat da take ci. Irin waɗanda ake sawa a gida, injin fanka da fitilunsu, yawanci ba sa wuce wat 150 zuwa 250. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Ka raba 250 da 230, za ka samu amfiya ɗaya da ɗoriya kaɗan. Fiyus mai amfiya 3, jan nan, yana ɗaukar kusan wat 700, don haka ya isa har da rarar da inji ke buƙata lokacin tashi. Mai amfiya 13, ruwan ƙasa, na dutsen guga ne da butar lantarki, masu cin wat 2,000 zuwa 3,000. Matsalar ita ce kusan duk filogi mai ƙafa uku da za ka saya a kasuwa da mai 13 yake zuwa, kuma ba kowa ke damuwa ya canja shi ba.

Maigidana da ya koya mini sana'a yakan nanata mana cewa waya fiyus yake gadi, kuma sai da na daɗe ina aiki na gane nauyin maganar. Wayar da ke zuwa da irin wannan na'ura siririya ce, sau da yawa mai kaurin 0.75, wadda ƙarfinta amfiya 6 ne. A ce wani lahani ya sa ana jan amfiya 10 ta cikinta. Fiyus mai 13 ba zai motsa ba, don ko an wuce 13 ɗin ma ba nan take yake tsinkewa ba. Waya za ta yi ta zafi, robarta ta narke, a cikin murfin da maiƙon suya ya daɗe yana taruwa, a saman wutar gas. Mai amfiya 3 da tuni ya yanke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ɗauko wuta kai tsaye daga layin kuka, wato murhun lantarki. Layin nan wayarsa mai kaurin 6 ce, birekarsa galibi amfiya 32. Ka jona siririyar waya a nan babu fiyus a tsakani, kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Abin da ya dace shi ne a sa makunni mai gidan fiyus, a sa masa mai amfiya 3, a gefe inda hannu ke kaiwa, nesa da harshen wuta da tururi. Ba na yarda a ɓoye soket a bayan murfin bututun hayaƙi, domin ranar da matsala ta taso uwar gida ba za ta tsaya neman sukuduraba ba.

Jikin na'urar ƙarfe ne, hannun mai girki kuma a jiƙe yake. Gidaje nawa na buɗe na ga wayar at a soket, amma can waje ba a haɗa ta da sandar ƙasa ba. Yanzu sai na gwada da mita kafin in rufe. Haka kuma ɗaukewar NEPA ba kashe wuta ba ce: ana iya dawo da ita, ko wani ya tayar da janareto, ko inbata tana ba layin wuta. Ina sauke bireka, in taɓa da testa, sannan in sa hannu. Tazara tsakanin murhu da na'ura kuwa, littafin kamfani nake bi, yawanci santimita 65 ga na lantarki, 75 ga na gas.

Fiyus ɗin kansa akwai na jabu. Na gaske jikinsa tangaran ne, cikinsa cike da yashi mai kashe tartsatsi. Na jabu wani lokaci fanko ne, yana iya fashewa. Idan na sayi fakiti wurin da ban saba ba, nakan fasa guda in duba.

Kafin in tafi nakan bar wa Hajiya fiyus mai amfiya 3 na ajiya, in nuna mata yadda ake cire ragar maiƙo a wanke da ruwan zafi da sabulu. Ina kuma roƙonta, idan ya ƙone ta canja ya sake ƙonewa, kada ta bari kowa ya naɗa masa silin waya ko takardar sigari, ta kashe makunnin ta kira ni in duba injin.