Baƙuwa mai zane a ɗakin gwaje-gwaje

Duk lokacin da na ga sanarwar wata jami'a ko cibiyar bincike tana gayyatar mai zane, ko mawaƙi, ko mai tsara rawa ya zo ya zauna da masananta na wasu watanni, layi ɗaya nake fara dubawa: me ake so ya yi idan ya zo? Galibi a nan asiri yake tonuwa. Za ka ga an rubuta wai ana so ya taimaka wajen isar da binciken ga jama'a. Wato dai sanƙira suke nema. Mu mun gama aikinmu, kai kuma zo ka yi masa kwalliya ka shelanta. Sana'a ce mai zaman kanta, ban raina ta ba, amma ban ga dalilin kiranta haɗin gwiwa ba.

Ni aikina renon ƙwayoyin halitta ne a cikin kwalabe, saboda haka daga ɓangaren masu farar riga nake magana.

Wannan gamayya ba yau ta fara ba. A watan Oktoban 1966, wani injiniyan kamfanin Bell Labs mai suna Billy Klüver ya haɗa masu fasaha 10 da injiniyoyi kusan 30, suka yi dare tara suna wasa a wani katafaren zaure a birnin Niyok. Wasan da mai zane Robert Rauschenberg ya tsara shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutum biyu ne suke buga tanis, an saka 'yar na'urar aika sauti a hannun kowane abin bugu. Duk bugun ƙwallo sai ƙara ta cika zauren, fitila ɗaya kuma ta mutu. Haka aka yi ta yi har duhu ya rufe wurin baki ɗaya, sannan aka shigo da ɗaruruwan mutane fili, 'yan kallo ba sa ganinsu sai ta kyamarar da ke gani a duhu. Na'urori sun yi ta ba da matsala a waɗannan darare, an yi ta jinkiri, masu sharhi a jaridu kuma ba su raga musu ba. Abin lura a nan shi ne, injiniyoyin ne suka yi wa masu fasahar aiki. Mai fasaha ya ce ga abin da nake so, injiniya ya koma yana kwana yana neman yadda zai yiwu.

Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka binne zoben nan mai kewayen kilomita 27 da ake karo da ƙananan ƙwayoyin zarra a cikinsa, ta buɗe nata shirin a 2011. Baƙonsu na farko Bajamushe ne, Julius von Bismarck, wanda ya zauna da su a 2012, shekarar da aka sanar da gano Higgs, wata ƙwayar zarra da masana suka daɗe suna nema. Dabarar da suka yi mai kyau ita ce haɗa kowane baƙo da masani guda da zai zama abokin muhawararsa. Shi an haɗa shi da James Wells. Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan wurare ya san amfanin haka. Baƙon da ba shi da mutum nasa, yawo zai yi ta yi a baranda, kowa na yi masa murmushi, babu mai tsayawa.

Mu ma an taɓa kawo mana wata mai zane. Da farko mun ɗauka hotunan madubin likita za ta nema, irin masu launin kore da ja da muke liƙawa a bango, don kowa su yake yabawa. Ta kalle su sau ɗaya ta wuce. Sai ta jawo kujera ta zauna a bayana tana kallon hannuna. Ta ga yadda nake fesa wa safar hannu sinadari kafin in taɓa komai, yadda nake fito da kwalba daga akwatin ɗumi da ke kan digiri 37, in ɗaga ta sama in duba ruwan: idan ruwan hoda ne lafiya lau, idan ya fara komawa rawaya to 'yan ciki sun cinye abincinsu, sai a canza musu. Ta lura da cewa "ciyarwa" muke cewa, kuma har ranar hutu wani yakan leƙo don kada su kwana da yunwa. Ranar da aka kammala wani gwaji, na ɗebo kwalaben na tsiyaya musu ruwan kulorin kamar kullum. Ta ce, "Malam, shi ke nan? Waɗanda ka yi makonni kana reno?" Na ce shi ke nan. Ta tambaya ko akwai wanda ke rubuta ranar. Babu. Muna rubuta ranar da aka narkar da su daga ƙanƙara, da kowane karo da aka raba su, amma littafinmu ba shi da gurbin ranar kashewa. Abin da ta zana ke nan daga baya, jerin kwalabe bayan an zuba musu kulorin, ruwan ya kode ya yi fari. Masu kula da hulɗa da jama'a ba su ji daɗin zanen ba ko kaɗan, ba irin wanda za a sa a bangon mujalla ba ne.

Ashe wasu sun riga ta nisa a wannan hanya. A Jami'ar Yammacin Ostareliya da ke Perth an kafa wani ɗakin gwaji a 2000 mai suna SymbioticA, inda a lokacin mai fasaha da kansa yake sa safar hannu ya yi renon. A can ne masu fasaha biyu, Oron Catts da Ionat Zurr, suka reni wata 'yar mitsitsiyar riga daga ƙwayoyin halitta masu rai, don su tambayi ko za a iya samun fata ba tare da an yanka dabba ba. Da aka kai ta gidan adana kayan fasahar zamani na Niyok a 2008, ƙwayoyin, waɗanda na ɓera ne, suka yi ta hayayyafa har suka fara toshe na'urar da ke ciyar da su. Dole mai kula da baje kolin, Paola Antonelli, ta sa aka kashe na'urar. Rigar da aka yi don kada a kashe komai, ita ma sai da aka kashe ta.

Sai dai akwai wata magana da nake yawan ji a tarurruka wadda ba na yarda da ita, wai mai fasaha zai buɗe wa masani ido ya gano sabon abu a bincikensa. Yana iya faruwa, amma ni ban gani ba a wurinmu. Baƙuwarmu ba ta canza sakamakon gwaji ko ɗaya ba. Wata biyu ko uku ma ina za su isa, alhali gwaji guda kan ci fiye da haka? Kuma shi masanin da aka haɗa da baƙo, ba a rage masa aiki, ba a lissafa masa wannan lokaci idan an zo ƙarin girma. Yawanci ɗaliban digiri na uku da ma'aikatan ɗaki irina ake bar wa baƙon, shugaban sashe sai ranar buɗe baje koli ake ganinsa. Idan aka tallata shiri da alkawarin da ba zai iya cikawa ba, ranar da masu kuɗi suka zo neman lissafi babu abin nunawa.

An ma ga haka a Amurka. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta ɗauki Laurie Anderson a matsayin baƙuwar mai fasaha a 2003, a kan dala 20,000, kuɗin da bai kai ko ƙura ba a kasafin hukumar. A 2005 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo gyaran doka da ya hana kashe kuɗin hukumar a kan wannan kujera, kuma ya samu rinjaye. Ita ce ta farko da ta riƙe muƙamin, ita ce kuma ta ƙarshe.