Alhamdulillahi, an sallamo Auta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da la'asar muka iso birnin Liyon, nan Faransa. Auta na kwance a falo, ƙafa a kan matashi biyu, har ya samu bakin yin mita da sandunan da aka ba shi. Ni kuwa kwana tara ke nan rabona da barcin kirki. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yafe mini, wallahi ba raini ba ne.

Kun riga kun ji yadda Auta ya ji rauni a ƙafa a Val Thorens, garin wasan zamiyar ƙanƙara da ke kan duwatsun Faransa, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne ya ƙi barin idona. Ni ban iya zamiyar ƙanƙarar nan ba, jiran yara kawai nake a gindin gangara da fulas ɗin shayi, numfashi ma da ƙyar, tunda garin kansa yana kan tsayin mita 2,300. Sai na hango masu ceto suna gangarowa da wani abu kamar ƙaramin kwalekwale, mutum a ciki an naɗe shi an ɗaure, yayarsa na biye tana kuka. Makara na gani, jama'a. Salati ya maƙale mini, gwiwoyina suka sage.

Wata mata a cikinsu, ko sunanta ban tambaya ba, ita ta gane halin da nake ciki. Ta tsayar da abin, ta yaye bargon daga fuskarsa, ta cire safar hannunta a cikin wannan sanyi ta kama hannuna ta ɗora a kumatunsa. Da ɗumi. Ya buɗe ido ya ce, "Umma, ƙafar ce kawai." Allah Ya saka wa matar nan da mafificin alheri, Ya shiryar da zuri'arta.

Na san ba a son ambato, amma sai na faɗa. Maman 'Yan Biyu, ke kika matsa mini na ƙara 'yan Yuro na inshora a kan tikitin hawa dutsen ina ta ƙorafi, ban san a Faransa kuɗi ake biya masu yawa idan an sauko da mutum daga gangara ba. Kawu Direba, ka hau hanyar nan mai murɗe-murɗe daga garin Moûtiers zuwa Val Thorens da daddare, ƙanƙara na zuba, ka kwashe mana kaya. Matan islamiyyarmu da suka yi ta aiko kunun gyaɗa, da malaman Maradi da suka sauke Alƙur'ani, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya raba ku da ganin ɗanku a kwance, Ya jiƙan magabatanku.

Waɗanda kuma jini ɗaya muke, amma abin da ya iso mini daga gare su shi ne "wa ya aike ta kai yaro dutse", na ji, na gode. Jirgin ƙasa bai daina zuwa Liyon ba dai.

Likita ya ce sai bayan mako shida za a duba ko zai fara takawa. A ci gaba da sa shi a addu'a.