Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Na Dawo, Babur Bai Dawo Ba

Makon jiya na bar ku a Sawakin, tashar jirgin ruwa a gaɓar Sudan, ina jiran jirgin ruwan da zai tsallakar da mu Bahar Maliya zuwa Jidda. Labarin umra ba zan ja shi ba, duk wanda ya yi ta cikin azumi ya san cunkosonta da daɗinta. Na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ana saura kwana huɗu ƙaramar sallar 2002, sanye da jallabiya, riƙe da jarkar zamzam. Babur kuwa babu.

Wanda bai san majalisarmu ta Fagge ba, ba zai gane irin tsiyar da na sha ba. Mutumin da unguwa ta fito ta raka har bakin titi a kan Honda Africa Twin, shi ne ya dawo a tasi. "Ka fita da ƙarfe, ka dawo mana da ruwa?" Wani har rantsuwa ya yi cewa an gan ni a Maiduguri ina cinikin babur ɗin. In na fara lissafa musu Gamboru, Kusiri, Injamena, Abeshe, Adire, da yadda na shiga Sudan ta Janaina, sai su ce to ina hoto. Fim ɗin kyamarata guda 6 duk suna cikin akwatin da na aiko babur ɗin a ciki, akwatin kuma yana kan teku.

Komawa ta hanyar da na bi ba ta ma taso ba. Rairayin da ke tsakanin Abeshe da Darfur ya ci mini tayar baya, ya ci mini ƙugu, aljihu kuma ya yi sanyi. Shi ya sa a Fot Sudan na nemi ejan na masu aika kaya. A nan na koyi cewa ƙaramin kaya ba ya samun kwantena shi kaɗai, haɗa shi ake da na wasu, kuma wurin da ya cinye ake yi wa kuɗi. Babur mai kilo 200 da ɗoriya sai da muka ƙanƙance shi kamar za a sa a lefe. Muka cire tayar gaba da madubai da gilashi, muka kwance kan muka kwantar. Tankin mai cin lita 23 muka tsiyaye shi tas, domin ba a yarda fetur ya shiga kwantena ba, muka zare wayoyin batir. Kafintan da ya haɗa akwatin, Bahaushe ne haifaffen can wanda bai taɓa ganin Kano ba, shi ya ce in shafe duk ƙarfen da ke fili da giris, iskar teku gishiri gare ta. Allah ya saka masa, da ban ji maganarsa ba da tsatsa na karɓo.

Tsiyar majalisa ba ta hana ni barci ba. Mutum biyu ne suka hana ni.

Na farko Baffa. Akwai wani littafi mai rawayan bango da ake kira karne, fasfo ne na abin hawa. Kowace ƙasa mai aiki da shi za ta buga hatimi da ka shiga, ta buga da ka fita, shaidar ba ka sayar da abin a ƙasarsu ka kauce wa haraji ba. Kafin a ba ka sai ka ajiye kuɗin jingina, kuma ba za su dawo ba sai abin hawa ya koma gida an tabbatar da idon jami'i. Shekara ɗaya ce wa'adinsa. Kuɗin jinginar nan Baffa ne ya ciro daga jarinsa na Kantin Kwari. Bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk Juma'a in na je gaishe shi ya ce, "Ɗana, ya labarin teku?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta biyu Inna. Masu bin labarin nan sun san abin da ya fitar da ni tun farko. Mahaifinta ya tafi hajji a ƙafa tana ƙarama, ya tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira na Sudan don ya tara guzuri, kamar dubban 'yan uwansa takari, ya yi aure a wajen Wad Madani, can ƙasa ta rufe shi. 'Ya'yansa na can sun damƙa mini Alƙur'aninsa rubutun hannu a cikin gafaka, suka ce a kai wa babbar yayarsu. Ni kuma da wayona, wai tsoron kada ya ɓace a cunkoson Harami, na naɗe shi a leda na cusa cikin akwatin babur. Ranar da na gaya mata, ta daɗe tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Can ta ce, "Kai wannan, tashi ka ci abinci. Mai shi ma bai yi gaggawar dawowa ba."

Ejan ya ce mako 6. Bai gaya mini cewa kwantenar sai an sauke ta a wata tasha ta jira wani jirgin ba. Lokacin wayar hannu sabuwar shigowa ce, layi kansa sai mai hali, don haka shagon buga waya nake zuwa in ƙona kuɗi in ji "bukra (gobe), in sha Allah". Hunturu ya wuce, babbar sallah ta wuce a Fabrairun 2003. A 'yan makonnin nan ne muka fara jin sunan Darfur a rediyo, ana faɗa a garuruwan da na sha shayi wata huɗu baya. Daga ni ban san wanda ya sake bin hanyar a babur ba cikin mutanenmu.

Cikin Maris saƙo ya zo, kaya sun iso Legas. Na kama hanya da takardar lodi ta asali, wadda in babu ita ko allura ba za a sakar maka ba. Ina zuwa aka tarar wanda ya cike ta a can ya rubuta B a inda lambar jikin babur take da 8. Harafi ɗaya! Kwana 11 ina kwana a wurin 'yan uwa a Agege, ina sammakon Apapa, ana jiran gyara daga Sudan, kuɗin ajiya na hauhawa kullum. Da aka buga hatimin ƙarshe a karne, ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

A tirelar shinkafa mai zuwa kasuwar Singa muka sa akwatin, ni ina gaba kusa da direba, ta Jebba da Mokwa da Birnin Gwari. A kura aka turo shi ƙofar gida, yara na biye. Majalisa ta taso gaba ɗaya. Aka ɓalle katako, ga babur da rairayin Sudan har yanzu a maƙale a sarƙarsa. Mai rantsuwar Maiduguri ya shafa tanki ya ce dama shi wasa yake. Batir ya mutu, kafireta ta toshe, ko tari bai yi ba. Na bar su da bakanike suna gardamar fulogi, na ɗauki ledar na shiga ciki.

Inna ta yi alwala kafin ta taɓa. Ta zare igiyar gafakar a hankali, tana ɗaga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Wajen tsakiya wata takarda a ninke ta faɗo kan cinyarta, rubutun ajami, tawadar ta koma ja. Ta kai ta kusa da ido, ta karanta layin farko, ta ninke.

"Kai wannan, je ka kira mini kawunku. Yanzu."

Abin da ke cikin takardar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.