Mako na huɗu da Linux: na daina sayen katin WiFi da sunan kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda na kwana a aikin tsofaffin laftof guda uku da nake rayawa da Debian 12, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, a ɗakina da ke Tudun Wada, nan Gombe. Wannan makon gaba ɗaya WiFi ne ya cinye shi, kuma ban yi nadama ba.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, direba ita ce 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da ke jikinta, ta kuma iya sarrafa ta. Kafin komai sai ka san cif ɗin da ke cikin katinka na WiFi, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin ainihin aikin. A tagar buga umarni, ka buga lspci -k idan katin na ciki ne, ko lsusb idan adafta ce ta sokawa.

Laftof ta farko tana ɗauke da Atheros AR9285. Ina gama girka Debian ta ga hotsifot ɗin wayata, ban taɓa komai ba. Sunan direbar ath9k. Na koma na bi tarihinta don in san dalilin wannan sauƙi. A da, masu Linux sukan ari direbar Windows ta hanyar NDISwrapper, ko su yi amfani da MadWifi wadda wani sashenta rufaffe ne, wato ba a iya ganin yadda aka rubuta shi. A 2007 aka shigar da mac80211, wato tubali guda da direbobin WiFi da yawa ke ginuwa a kai, cikin zuciyar Linux (babban sashen tsarin da ke magana da na'urori), sai a 2008 kamfanin Atheros ya saki ath9k a buɗe. Katunan ciki da take tuƙawa ba sa buƙatar wani rufaffen fayil kafin su tashi. Shekara da shekaru ke nan idanu na dubawa, hannaye na gyarawa. Na bar ta a haɗe daga la'asar har asuba tana sauke fayiloli, cikin zafin da kuka sani, ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ta biyu katin Intel ne, direbarta iwlwifi. Ita ma ta tashi lafiya. Sai dai a nan direbar ce kawai a buɗe, ƙaramar manhajar da ake ɗura wa katin kansa, wadda ake kira famwaya, rufaffiya ce. Tun fitowar Debian 12 a watan Yunin 2023 ake haɗo irin waɗannan fayiloli cikin faifan girkawa, shi ya sa ban sha wahala ba. Tana aiki sosai, amma a raina na fi samun natsuwa da ath9k, don ita ko'ina a cikinta mutum zai iya leƙawa.

Ta uku ce ta riƙe ni kwana shida. Katinta na ciki ya mutu, sai na shiga kasuwa na sayo adafta saboda na ji ana yabon irinta, cewa cif ɗin AR9271 ke cikinta. Da na dawo gida na buga lsusb, sai na ga wani cif daban. Ashe suna ɗaya ne a kwali, amma fitowar farko da ta baya ba cikinsu ɗaya ba, kuma ban duba ƙaramin rubutun da ke bayan adaftar ba. Na samo wata direba a intanet wadda ba ta cikin zuciyar Linux, na haɗa ta da DKMS, manhajar da ke sake haɗa direba duk lokacin da sabuwar zuciya ta sauka, ta yi aiki. Na ji daɗi ƙwarai ranar. Bayan kwana huɗu na sabunta tsarin, sabuwar zuciya ta sauka, direbar ta ƙi haɗuwa, WiFi ya ɓace. Da kebul na jona wayata kafin na sake samun intanet, data kuma ta tafi wajen sauke kayan haɗawa sau biyu.

A nan na gane bambancin da ban gane ba a baya. Ba kowace buɗaɗɗiyar direba ce abar dogaro ba. Wadda aka karɓa cikin zuciyar Linux, duk wanda ya canza wani abu da ya shafe ta wajibi ne ya gyara ta tare, don haka tana tafiya da kowane sabon fitowa. Wadda ke waje kuwa tana jiran mutum ɗaya ko biyu su sami lokaci. In sun shagala, kai ma ka tsaya.

Wani abokin karatuna daga Pantami ya ara mini 'yar adaftarsa mai araha, mai cif ɗin MediaTek MT7601U. Direbarta mt7601u tana cikin Linux tun fitowa ta 4.2 a 2015. Da na soka ba ta tashi nan take ba, amma dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin zuciyar Linux, ya faɗa mini ƙarara cewa fayil ɗin famwaya ne babu. Na girka kunshin firmware-misc-nonfree mai ɗauke da fayil ɗin, na zare na mayar, ta kama. Zangon WiFi na 2.4 GHz kawai take ji, ba ta da gudu sosai, amma na sake sabunta tsarin jiya kuma tana nan daram.

Wani abu a gefe: kafin ka zargi direba, buga rfkill list. Sau da yawa maɓallin WiFi ne a kashe.

Yanzu in zan je sayen adafta da laftof ɗina nake tafiya, in roƙi mai shago ya bari in soka in ga cif ɗin kafin in biya. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan gwada OpenWrt, wato Linux na rauta, a kan wata tsohuwar rauta (na'urar raba intanet) da na samu, ita ma Atheros ce a ciki. Wanda ke da adafta a hannu, don Allah ya turo mini abin da lsusb ya nuna masa da kuma ko ta tashi, ina haɗa jerin waɗanda ake samu a kasuwanninmu na Gombe.