Mai koyon koyarwa a ajina na Iqaluit

Babu titin da ya haɗa Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut da ke can arewacin Kanada, da wani gari. Ko dai jirgin sama, tafiyar kusan awa uku daga Ottawa, ko jirgin ruwan da ke kawo kaya idan ƙanƙarar teku ta narke. Nan neman aikin koyarwa ya kawo ni daga Katsina, bayan na sha zaman jira a kudancin Kanada. A tsakiyar watan Disamba rana ba ta wuce awa huɗu da 'yan mintoci: ka idar da Azahar, kafin ka juya La'asar ta yi. Allah ya sa akwai masallaci, an buɗe shi a 2016.

Yankin Nunavut, wanda aka kafa a 1999, na mutanen Inuit ne, su ne kusan kashi 85 cikin ɗari na jama'ar. Amma yawancin malamai baƙi ne irina, kuma da dama ba sa daɗewa suke haɗa kayansu. Shi ya sa kwalejin yankin, Nunavut Arctic College, take horar da 'yan ƙasa su yi digirin koyarwa, ana tura su aji su zauna da malami suna koyon aiki.

Haka aka turo min wata baiwar Allah mai 'ya'ya, ta ma girme ni. Ni nake duba tsarin darasinta, ni nake nuna mata yadda ake raba lokaci da ba da maki. Abin da take da shi kuwa, babu kwalejin da za ta ba ni. Zan tambayi yaro ko ya gane, ya yi shiru yana kallona. Ita ta ce min in dubi fuskarsa: ɗaga gira shi ne e, yamutsa hanci shi ne a'a. Akwai wata ƙaramar yarinya da take yi wa magana da ladabi kamar tana gaban babba. Ashe sunan kakarta aka sa wa yarinyar, kamar yadda muke sakaya sunan yaro da Abba ko Ummi. Idan lissafi ya cije, sai ta juya zuwa Inuktitut, harshen Inuit, nan da nan ka ga hannuwa sama.

Iyayen da ba sa son taka ƙafa a makaranta ma, wurinta suke zuwa. Ban ga laifinsu ba. Wasu daga cikin kakannin yaran nan an raba su da gida suna ƙanana, aka kai su makarantun kwana inda aka hana su harshensu.

Dokar ilimi ta Nunavut ta 2008 ta yi alkawarin karatu da harsuna biyu har ƙarshen sakandare, amma a 2020 aka ɗage cikar wa'adin zuwa 2039, kuma ƙarancin masu koyarwa da Inuktitut na cikin dalilan. Ita dai mai koyon koyarwar tawa baɗi za ta kammala, ta ce ajin ƙananan yara take so.